Ina Aka Haife Ka? Shekara Takwas Ana Tuhumar Asalin Obama

Ranar Laraba, 27 ga Afrilun 2011, tun da safe ma'aikatan fadar White House suka shiga zauren 'yan jarida suna rarraba kwafin wata takarda mai shafi guda. A lokacin Amurka na da sojoji a Afghanistan da Iraƙi, jiragenta na cikin yaƙin Libiya, majalisa kuma na ta kai ruwa rana a kan kasafin kuɗi. Takardar ba ta shafi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Takardar haihuwar shugaban ƙasa ce. Can an jima sai ga mai ita, Barack Obama, wanda ya riga ya shekara biyu da 'yan watanni a kan mulki, ya tsaya gaban kyamarori yana shaida wa al'ummar da ta zaɓe shi cewa lallai a ƙasarsu aka haife shi. Ya ce ba su da lokacin ɓatawa a kan irin wannan shirme, akwai manyan ayyuka a gabansu.

Duk wanda ya duba takardar zai ga babu wani abin mamaki a cikinta. Fom ne irin na asibiti da aka cike da tafireta. Sunan jariri Barack Hussein Obama na biyu. An haife shi ranar 4 ga Agustan 1961, ƙarfe 7:24 na yamma, a asibitin mata da haihuwa na Kapiolani da ke Honolulu, jihar Hawai. Uba ɗalibi ne ɗan shekara 25, haifaffen Kenya. Uwa, Stanley Ann Dunham, 'yar shekara 18 ce, haifaffiyar Wichita a jihar Kansas. Daga ƙasa ga sa hannunta, ga na likitan da ya karɓi haihuwar, David Sinclair, ga ranar da aka shigar da ita rajista, 8 ga watan. Kafin a samu wannan shafi sai da shugaban ya rubuta wa ma'aikatar lafiya ta Hawai yana neman alfarma, domin jihar ta daina fitar da irin wannan doguwar takarda, sannan lauyarsa ta hau jirgi takanas ta je ta karɓo.

Tsarin mulkin Amurka sharuɗɗa uku ya gindaya wa mai neman shugabanci: ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, kuma ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Sharaɗi na ukun ne bai fayyace ba. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin a 1868, bayan yaƙin basasa da 'yanta bayi, ya ce wanda aka haifa a cikin ƙasar kuma yake ƙarƙashin ikonta ɗan ƙasa ne. Ke nan in dai a Honolulu aka haifi Obama, magana ta ƙare, ko daga ina mahaifinsa ya fito. Shi ya sa masu zargin suka nace a kan Kenya. Dokar da ke aiki a 1961 ta ce idan aka haifi yaro a waje kuma ɗaya daga cikin iyayensa baƙo ne, dole wanda yake ɗan Amurka a cikinsu ya kasance ya zauna a ƙasar shekara goma, biyar daga ciki bayan ya cika 14. Ann Dunham saura 'yan watanni ta cika 19, ke nan shekara biyar ɗin ba su cika mata ba. Wannan ƙaramar kafa ita ce duk dogaronsu. Sai an ɗauke haihuwar an kai ta Afirka sannan lissafinsu zai tashi.

Maganar ba da haihuwa ta fara ba, da addini ta fara. A farkon 2007 aka yaɗa cewa Obama ya yi karatu a wata makarantar masu tsattsauran ra'ayi a Indonesiya, inda ya zauna daga 1967 zuwa 1971 tare da mahaifiyarsa da mijinta na biyu, Lolo Soetoro. Tashar CNN ta tura wakili Jakarta, ya tarar da makarantar gwamnati ce kamar kowace. Duk da haka raɗe-raɗin cewa Musulmi ne a ɓoye ya ci gaba, kuma ana faɗinsa ne kamar ana ambaton laifi. A Oktoban 2008 wata mata ta karɓi makirufo a taron John McCain, abokin karawar Obama, a Minnesota ta ce ba ta yarda da Obama ba domin Balarabe ne, McCain ya karɓe makirufon ya ce mata a'a. A watan ne tsohon sakataren harkokin waje Colin Powell ya faɗi abin da sauran suka kasa faɗi. Ya ce Obama Kirista ne, amma ko da Musulmin ne, mene ne aibun? Tsarin mulkin da ake ta kafa hujja da shi ma ya hana a yi wa kowa gwajin addini kafin ya riƙe muƙami.

Zancen haihuwa ya ɓullo ne a bazarar 2008, cikin saƙonnin imel marasa suna da suka yi ta yawo tsakanin wasu magoya bayan Hillary Clinton lokacin da suka ga takarar fid da gwani na suɓuce musu. Masu bin diddigi ba su sami shaidar cewa ita ko ofishin kamfen ɗinta ne suka ƙirƙiro shi ba. A watan Yuni kwamitin yaƙin neman zaɓen Obama ya saka gajeriyar takardar haihuwarsa a intanet, irin wadda jihar Hawai ke ba kowane ɗan jihar, wadda da ita ake yin fasfo. Ma'aikatan shafin bin diddigi na FactCheck.org suka je suka riƙe ta da hannunsu, suka ɗauki hoton hatiminta. Ranar 31 ga Oktoba shugabar ma'aikatar lafiya ta Hawai, Chiyome Fukino, ta fitar da sanarwa cewa ta ga ainihin rajistar da idonta. Gwamnar da ta naɗa ta, Linda Lingle, 'yar jam'iyyar Rifablikan ce, kuma McCain take yi wa kamfe.

Sai kuma shaidar da, a ganina, ta fi kowace nauyi, domin babu hannun gwamnatin zamanin Obama a cikinta. A tsakiyar Agustan 1961 jaridun Honolulu guda biyu, Advertiser da Star-Bulletin, sun buga jerin haihuwar mako kamar yadda suka saba, suna ɗauko sunayen daga ma'aikatar lafiya. A cikin jerin akwai layi ɗaya: Mista Barack H. Obama da maiɗakinsa sun sami ɗa namiji ranar 4 ga Agusta. Kwafin jaridun na nan a ɗakunan karatu. Wanda zai ƙaryata wannan sai ya yarda cewa yarinya 'yar shekara 18, da tsohon ciki, ta tsallaka rabin duniya zuwa Kenya da ke ƙarƙashin Turawan Ingila, ta haihu, sannan cikin kwanaki kaɗan wani ya shigar da sunan ƙarya a rajistar Hawai da jaridu biyu, duk don jaririn ya samu damar neman shugabanci bayan shekara 47. Kuma a 1961 ɗin, lokacin da a jihohi da dama na kudancin Amurka baƙar fata ba ya iya ko kaɗa ƙuri'a, auren iyayen nasa ma haramun ne a dokokinsu.

Duk da haka mutane suka yarda, wasu kuma suka sayar da rayuwarsu a kai. Wani lauya mai suna Philip Berg ya shigar da ƙara a Pennsylvania a Agustan 2008, kotu ta kore ta da cewa ba shi da hurumi. Ƙararraki da dama suka biyo baya, babu wadda ta yi nasara. Wadda ta fi kowa ta da jijiyar wuya ita ce Orly Taitz, likitar haƙori kuma lauya, haifaffiyar Moldova. A Agustan 2009 ta gabatar da abin da ta ce takardar haihuwar Obama ce daga Mombasa. Takardar na ɗauke da kwanan watan Fabrairun 1964 da sunan Jamhuriyar Kenya, alhali Kenya ba ta zama jamhuriya ba sai 12 ga Disamban wannan shekara. Kafin mako ya zagayo aka gano an kwaikwayo ta ne daga takardar haihuwar wani mutumin Ostireliya da ke kan intanet. A Oktoba wani alƙalin tarayya a Georgia, Clay Land, ya ci tarar Taitz dala 20,000 saboda wasa da kotu. Wanda ya fi ban tausayi shi ne Laftanar Kanar Terry Lakin, likitan soja, da ya ƙi tafiya Afghanistan yana cewa bai tabbatar da halaccin babban kwamandansa ba. A Disamban 2010 kotun soja ta ɗaure shi wata shida, aka kore shi daga aiki.

Har tsohuwa ba a bari ba. Sarah Obama, matar kakan shugaban wadda ta riƙi mahaifinsa, a lokacin tana zaune a ƙauyen Kogelo da ke yammacin Kenya. A Oktoban 2008 wani mai wa'azi Ba'amurke ya kira ta a waya, ana yi musu tafinta daga harshen Luo. Aka yanko wani guntun hirar aka watsa, inda ake ji kamar ta ce tana wurin aka haifi jikan nata. Cikakken faifan na nuna cewa da mai tambayar ya matsa, tafintan ya maimaita masa sau da yawa cewa a Hawai aka haife shi, a Amurka. Guntun ya zagaya duniya, cikakken kuwa sai wanda ya neme shi.

Zuwa 2010 ma'aikatan lafiya na Hawai sun gaji da amsa wasiƙu iri ɗaya daga mutane iri ɗaya, har jihar ta yi dokar da ta ba su damar yin kunnen uwar shegu da mai maimaita buƙata. Da a ce haka aka ci gaba, wataƙila maganar ta tsaya a gefe, tsakanin masu gidajen rediyon ra'ayin riƙau da shafukan intanet. Sai Donald Trump ya ɗauke ta a Maris na 2011. Shi a lokacin attajirin gidaje ne mai shirin talabijin, yana ɗanɗana ruwan takara. Ya bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me ya hana Obama nuna takardarsa, ya ce ya tura masu bincike Hawai kuma abin da suke ganowa zai ba kowa mamaki. Har yau ba a ga rahotonsu ba. Amma farin jininsa a cikin 'yan Rifablikan ya tashi, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi da CBS da New York Times suka yi a Afrilu ta nuna kashi 25 cikin ɗari na Amurkawa na ganin ba a ƙasar aka haifi shugabansu ba. A cikin 'yan Rifablikan kashi 45 ne.

Wannan ne ya kai Obama ga fito da doguwar takardar. Bayan kwana uku, a liyafar shekara-shekara ta 'yan jaridar fadar, ya yi wa Trump ba'a a gaban jama'a, har ya nuna guntun wani fim ɗin zane na yara yana cewa bidiyon haihuwarsa ne. Washegari da dare ya sanar da kashe Osama bin Laden. Na ɗan lokaci shakkar ta ragu. Binciken Gallup ya nuna masu cewa a waje aka haife shi sun sauko daga kashi 24 zuwa 13.

Daga nan sai zargin ya sake kama. Waɗanda jiya suke cewa a nuna musu doguwar takarda su yi shiru, yau suka ce ta jabu ce, wai da aka buɗe hotonta a kwamfuta an ga ya rabu hawa-hawa. Masana suka yi bayanin cewa haka na'urar ɗaukar hoton takardu ke yi wa kowane shafi idan ana rage masa nauyi. Littafin wani marubuci, Jerome Corsi, wanda sunansa ma tambaya ce a kan inda takardar take, ya fito a watan Mayu, makonni bayan an amsa tambayar, kuma ya yi kasuwa. Joe Arpaio, shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa a Arizona a lokacin, ya kafa nasa kwamitin, ya fito a Maris na 2012 ya ce akwai alamun jabu. A Mayun 2012 aka tono wani ɗan littafin talla na 1991 inda kamfanin da ke wakiltar Obama a matsayin marubuci ya rubuta cewa a Kenya aka haife shi. Matar da ta tsara shi, Miriam Goderich, ta ce kuskurenta ne, ba daga Obama bayanin ya fito ba. A Oktoba Trump ya ce zai ba da sadakar dala miliyan biyar idan shugaban ya fito da takardun jami'a da na fasfo. Da Loretta Fuddy, jami'ar da ta amince a fitar da doguwar takardar, ta rasu a haɗarin ƙaramin jirgi kusa da tsibirin Molokai a Disamban 2013, Trump ya rubuta a Twitter yana nuna akwai lauje cikin naɗi. Ko mutuwa sai da aka mai da ita hujja.

A nan ne ya kamata a daina ɗaukar batun a matsayin neman gaskiya. Mai neman gaskiya yana da abin da in ya gani zai gamsu, kuma zai iya faɗa maka shi tun kafin ya gani. Waɗannan kowace shaida aka kawo sai ta zama wani sabon ɓangare na makircin: jami'in da ya tabbatar an saye shi, alƙalin da ya kori ƙara yana jin tsoro, jaridar 1961 an shirya ta. Abin da suke son faɗi tun farko shi ne mutum mai wannan fata da wannan suna ba nasu ba ne, kuma babu hatimin da zai goge wannan.

A duba yadda aka yi da wasu. John McCain, abokin karawar Obama a 2008, ba a cikin jihohin Amurka aka haife shi ba. A yankin mashigin ruwa na Panama aka haife shi a 1936, inda mahaifinsa ke aikin sojan ruwa. A Afrilun 2008 majalisar dattawa ta zartar da ƙuduri ba hamayya cewa ya cancanta, Obama da Clinton na cikin masu goyon baya, aka wuce wurin. George Romney, da ya nemi takara a 1968, a Meziko aka haife shi. Ted Cruz a Calgary ta Kanada aka haife shi a 1970, mahaifinsa ɗan Kyuba, kuma ya lashe zaɓen fid da gwani a jihohi da yawa a 2016. An yi muhawara a kansu, amma muhawarar lauyoyi ce a kan fassarar doka. Babu wanda aka shekara takwas ana kiransa maƙaryaci a kan inda aka yanke masa cibiya, sai wanda aka haifa a cikin ƙasar.

Mai karatu a wannan yanki namu ba baƙo ba ne ga wannan makami, kuma a nan Afirka ya fi kaifi, domin gwamnatoci da kansu sukan riƙe shi. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Cadi da sunan baƙo ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta yanke masa diyya. A 2019 jam'iyyar APC ta shaida wa kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa cewa Atiku Abubakar ba ɗan Najeriya ba ne ta haihuwa, tunda a 1946 da aka haife shi garin Jada na cikin Kamarun da Ingila ke riƙo, kuma yankin bai shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Kotun ta yi watsi da hujjar. Wannan mutum ne da ya riga ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa. A Nijar ma, gabanin zaɓen 2020, 'yan adawa sun ƙalubalanci asalin Mohamed Bazoum, Balarabe daga yankin Diffa, kotun tsarin mulki ta ce ya cancanta. Zambiya ta gyara tsarin mulkinta a 1996 don hana Kenneth Kaunda takara saboda iyayensa daga Malawi ta yau suka fito, shi da ya mulki ƙasar shekara 27. A Kwaddibuwa kuwa, hana Alassane Ouattara takara da sunan ɗan Burkina Faso ne yana cikin abin da ya kai ƙasar ga yaƙin 2002.

Akwai abin da ya haɗa Honolulu da Jada. Hawai ba ta zama jiha ba sai 1959, shekara biyu kafin haihuwar Obama. Jada ta shigo Najeriya a shekarar da aka haife shi. Zargin baƙunta ya fi kama mutanen bakin iyaka, waɗanda taswira ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu, ko waɗanda iyayensu suka yi aure tsallaken layin da Bature ya ja. A ƙasashenmu irin waɗannan mutane miliyoyi ne, daga Daura zuwa Magarya, daga Mubi zuwa Garwa. Bambancin shi ne Obama yana da asibiti mai rajista, da likita mai sa hannu, da jaridu biyu da suka adana sunansa, kuma da duk wannan bai tsira ba. Wanda ungozoma ta karɓi haihuwarsa a ɗakin kakarsa, shaidarsa kawai mai unguwa da takardar rantsuwar kotu, da me zai kare kansa ranar da ya yi ƙarfin da zai tsone wa wani ido? Duk jam'iyyar da ta yi amfani da wannan hujja a kan abokin hamayya, ta koya wa ƙaramin jami'i a shingen hanya cewa shi ma yana iya yi wa talaka irinta.

Ranar 16 ga Satumban 2016, saura mako bakwai da 'yan kwanaki a yi zaɓe, Trump, wanda a lokacin yake takarar shugabanci, ya tara 'yan jarida a sabon otel ɗinsa na Washington. Bayan dogon yabo daga tsofaffin sojoji, ya faɗi jimla ɗaya: a Amurka aka haifi Shugaba Barack Obama, shi ke nan. Bai ba da haƙuri ba. Ya ɗora wa Hillary Clinton laifin fara maganar, ya ce shi ne ya ƙare ta. Michelle, matar Obama, ta rubuta daga baya, a littafin tarihin rayuwarta na 2018, cewa ba za ta taɓa yafe masa ba, saboda zargin na iya tunzura wani mai taɓin hankali ya ɗauki bindiga ya nufi 'ya'yanta.

Maganar ba ta tsaya kan Obama ba. A Agustan 2020 wani malamin shari'a, John Eastman, ya rubuta a mujallar Newsweek yana tambayar cancantar 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasa Kamala Harris, wadda aka haifa a Oakland ta California a 1964, mahaifiyarta daga Indiya, mahaifinta daga Jamaika. Wannan karon ba a musa inda aka haife ta ba. Cewa aka yi haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba idan iyaye baƙi ne. A Janairun 2024 Trump ya yaɗa irin wannan zargi a kan Nikki Haley, 'yar jam'iyyarsa, haifaffiyar South Carolina. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, ya sa hannu a kan umarnin da ke neman hana takardar zama ɗan ƙasa ga jariran da aka haifa a Amurka idan iyayensu ba su da izinin zama na dindindin. Cikin kwanaki uku wani alƙalin tarayya a Seattle, John Coughenour, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ya dakatar da umarnin, yana mai cewa ƙarara ya saɓa wa tsarin mulki.